Nazari a kan Raya Tsohon Injin Ɗab'i

A ƙasashen Turai da Amurka akwai jama'ar da suka mai da gyaran tsofaffin injunan ɗab'i abin shagalarsu, su sayi wanda tsatsa ta ci, su wanke shi da kananzir, su sake masa robar da ke shafa tawada, har ya koma aiki kamar ran da aka ƙera shi. Kuma da yake irin waɗannan injuna, musamman ƙirar Heidelberg ta Jamus, sun daɗe suna aiki a maɗaba'o'in Kano da Zariya kafin kwamfuta ta ture su, ya kamata ma'abota ilmi na Ringim da Dutse su duba ko al'adar tana da fa'ida a gare mu.

Bisa haƙiƙa ƙarfen injin shi ne mafi sauƙin al'amarin, domin makanikin da ya iya injin niƙa ba zai kasa masa ba. Wahalar tana ga haruffa, waɗanda ake zubawa da dalma gauraye da kuza, mai jeri ya tsince su ɗai-ɗai daga akwati, ya jera su a juye, yana karanta kalma ta baya, aikin da ke buƙatar haƙuri irin na mai rubuta allo. Haruffan Turanci ana samunsu ko'ina a duniya, alhali kuwa ɓ da ɗ da ƙ, da suka shiga rubutun boko a shekarun 1930, zamanin Dokta East da Hukumar Talifi ta Zariya, da wuya ake samunsu; su aka buga Gaskiya Ta Fi Kwabo da su, wadda ta fara fita a 1939 Malam Abubakar Imam yana editanta. Akwatin irinsu guda, in ya faɗa hannun 'yan gwangwan aka narkar, da wuya a mai da shi.

Sai dai wajibi ne a yi adalci: wannan injin bai gamsar da malaman zaure ba. Almajirin Ringim da a wancan zamani ke hawa jirgin Nguru zuwa Kano neman littafi a Kasuwar Kurmi, idonsa ya saba da hannun Magaribi da ruwayar Warshu, haruffan dalma na Larabci kuwa hannun Gabas ne. Saboda haka da aka sami dabarar ɗaukar hoton rubutun hannu a buga shi, aikin marubuta irin su marigayi Sharu Bala Gabari ya yaɗu, malamai suka koma ga irin wannan bugun.

Ala ayyi halin, wanda ya ci karo da tsohon inji, kada ya biya kuɗinsa sai ya tambayi akwatunan haruffa, ya kuma nemi dattijon da ya taɓa jera su tun yana raye.