Hancin Girkawa a Ƙarƙashin Amawali

A farkon ƙarni na 19 an yi yayin wani irin zanen kamannu a Faransa da Amurka, wanda ake ɗaukar fuskar mutum ta gefe guda. Mai zanen yakan bi layin fuska tun daga goshi har haɓa da wata na'ura da Bafaranshe Chrétien ya ƙago, sa'an nan ya ƙanƙanta shi, ya sassaƙa bisa farantin jan ƙarfe, a shafa tawada a buga a takarda. Ta haka Saint-Mémin ya zana ɗaruruwan manyan Amurka, har da Shugaba Jefferson a 1804. Turawa da dama a lokacin sun ɗauka cewa halin mutum a rubuce yake a wannan layi.

Da irin wannan ido Kyaftin Clapperton ya shigo birnin Kano a watan Janairu na 1824. Littafin tafiyarsa da Denham, wanda aka buga a Landan a 1826, yana ɗauke da hoton Shehu Laminu na Barno, sassaƙar Finden, da kuma taswirar Kano da ganuwarta. Amma babu fuskar Sarki Ibrahim Dabo, ko da yake sun gana a Fanisau.

Inda babu hoto, alƙalaminsa ya bi tafarkin masu sassaƙar. Da ya isa Sakkwato ya siffanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello gaɓa-gaɓa: kyakkyawan goshi, hanci irin na Girkawa, ƙaramin baki. Abin lura shi ne, a wannan wuri ya faɗi cewa gefen rawanin Bello ya rufe hanci da baki. Watau ainihin layin da Baturen yake nema, shi amawali yake sakayawa. Ya yaba, ba shakka, amma da mudun wata kasuwa ya auna. Hancin Girkawa ba ya cikin abin da ake yabon basarake da shi a ƙasar Hausa.

Saboda haka kuskure ne manazarci ya ɗauki rashin hoton Dabo a matsayin giɓi a fasahar Kano. A fada, naɗin rawani da kirari su ke bayyana mutum, kuma aiki suke kamawa, ba tsayin hanci ba. Yaƙe-yaƙen da Dabo ya yi da garuruwan da suka yi masa tawaye bayan hawansa a 1819, Kanawa sun dunƙule su cikin kalma guda, Cigari, kuma da ita ake kiransa har yau.