Maratayi Kafin Maharbi: Sharhi a Kan Matsayin Ɗan Koyo a Adabin Farauta

Gabatarwa

Farauta tana cikin tsofaffin sana'o'in ƙasar Hausa, tana kuma cikin waɗanda suka fi samun rabo a adabin baka. Tana da kiɗanta da kirarinta da tatsuniyoyinta, tana da sarautunta irin su Sarkin Baka da Sarkin Dawa. Sai dai duk wanda ya bi wannan adabi a tsanake zai tarar da wani giɓi a cikinsa. Ana nuna maharbi bayan ya ƙasaita, amma ba safai ake nuna shi yana yaro, yana bin ubangidansa a baya da gorar ruwa ba. Manufar wannan sharhi ita ce a nuna cewa wannan giɓi ya zama abin damuwa a yau, domin kirari yana isa kunnen samari a birni, horon da ke tafe da shi kuwa an baro shi a ƙauye. An ɗauki unguwar Television ta kudancin Kaduna a matsayin misali.

Siffar maharbi a adabi

Tarihin Kano, wanda Palmer ya buga fassararsa ta Turanci a 1908, ya buɗe ne da zuriyar Dala da Barbushe, inda aka siffanta gwarzon farko da cewa maharbi ne mai kashe giwa da sanda, ya ɗauko ta a ka. Ba a faɗi wanda ya koya masa ba, ba a kuma faɗi shekarun da ya yi yana kuskuren zomo ba. Haka abin yake a yawancin tatsuniyoyin da maharbi ya fito a cikinsu. Yakan shigo labari da kwarinsa da bakansa a rataye, ya ceci wanda dodo ya ritsa, ko ya gamu da dabbar da ta rikiɗa ta zama mace. Gwani ne tun daga jimlar farko.

Waƙoƙin baka ma wannan hanya suka bi. Kassu Zurmi, wanda ya yi fice wajen yi wa 'yan tauri da mafarauta waƙa, aikinsa zuga ne, watau ya tsima namiji har ya manta da tsoro. Kiɗan gangi a dandalin farauta da kiɗan komo na maharba duk manufarsu ke nan. Ba laifin makaɗi ba ne, domin ba a ɗauke shi aikin koyarwa ba. Yana yi wa wanda ya riga ya ƙware waƙa ne, a gaban jama'ar da ta san wahalar da aka sha kafin a kai ga wannan matsayi. Inda gyara yake shi ne wajen masu nazari. Da yawa daga cikin rubuce-rubucen da ake yi a kan farauta sukan tsaya ne ga jera kirari, da lissafa layu da guraye da kambuna, da bayanin baduhu da layar zana. Matakan koyo kuwa, in an taɓo su, a gurguje ake wucewa. Sakamakon haka sai mai karatu ya ɗauka cewa asiri da ƙarfin zuciya su ne maharbi.

Abin da harshe ya adana

Abin da waƙa ta tsallake, harshe ya riƙe shi. Hausawa sun bambanta mafarauci da maharbi. Farauta ta taron jama'a ce, ana yin ta da rani bayan an kawar da amfanin gona, da karnuka da sanduna da gatura. Harbi kuwa sana'a ce ta gado, mutum ɗaya ko 'yan kaɗan ke fita, kuma ba a shiga cikinta da ka.

Karin maganar nan da ke cewa zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa, ko da yake ana kawo ta ne don wata manufa dabam, ta adana sunan wani matsayi. Maratayi shi ne mai ɗaukar abin da aka kashe, kuma galibi aikin na baya ne. Daga nan ɗan koyo kan fara. Yakan bi mahaifinsa ko ubangidansa ba tare da makami mai kisa a hannunsa ba. Yana koyon ɗana tarko, da bin sawu, da rarrabe sawun gada da na barewa, da sanin ko kashin dabba na jiya ne ko na yau. Yana koyon sanɗa, da lura da inda iska ta dosa don kada dabba ta ji ƙanshin mutum. Yana ganin yadda ake ɗaura kan burtu a goshi a shiga cikin namun daji a sunkuye. Yana koyon yin shiru na tsawon lokaci, watau kwanton ɓauna, kalmar da yanzu aka fi ji a labaran yaƙi. Ita kanta kalmar kuskure tana da ma'anar harbin da bai sami abin da aka auna ba.

Sai an ga hankalin yaro ya zauna sannan a bar shi ya ja tsarkiya, kuma dafin kwankwani da ake shafa wa kibiya ba ya cikin abin da ake saurin nuna masa, domin ƙwarzane kaɗan ya isa ya yi ɓarna. Da bindigar toka ta yaɗu, sai aka ƙara wasu darussa: yawan albarushin da ake ɗurawa, da inda ake fuskantar da bakin bindiga in ana tafiya a jere, da haramcin harbin motsin ciyawa kafin ido ya tabbatar da abin da ke ciki. Wannan ita ce makarantar, kuma jarrabawarta ita ce yardar ubangida.

Littattafan fiƙihu da ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa ma sun ba horo muhimmanci. Risala ta Ibn Abi Zaid tana da babin da ya haɗa da hukuncin farauta, inda aka karhanta yin ta don wasa kawai. Aya ta 4 ta Suratul Ma'ida kuwa ta halatta abin da horarriyar dabbar farauta ta kama, tare da ambaton sunan Allah. In har ana bukatar kare ya sami horo kafin a ci abin da ya kamo, ai bukatar horon mai riƙe da bindiga ta fi ƙarfi.

Misalin unguwar Television

Television mazaɓa ce a Ƙaramar Hukumar Kaduna ta Kudu, a hayin kogin Kaduna, kusa da Kakuri da Barnawa da hanyar Sabon Tasha. Yankin ƙasar Gbagyi ne tun asali, ya kuma cika da jama'a ne bayan kafa masana'antu a Kakuri, tun daga masaƙar Kaduna ta 1957, da ma'aikatar ƙera makamai ta 1964, har zuwa kamfanin haɗa motocin Peugeot na 1975. Mazauna unguwar sun fito daga al'ummu dabam-dabam, kamar Bajju da Atyap da Ham da Adara da mutanen kudancin Nijeriya, kuma Hausa tana cikin harsunan da suke haɗuwa a kansu a kasuwa da tasha.

Da yawa daga cikin waɗannan al'ummu suna da tsohuwar al'adar farauta. Alal misali, bikin Afan da ake yi a Kagoro ranar 1 ga Janairu yana da alaƙa da ƙarewar girbi da buɗe lokacin farauta. Ke nan yaron da aka haifa a Television yana iya zama jikan maharbi ta kowace fuska, amma mahaifinsa ma'aikaci ne ko direba ko ɗan kasuwa. Sarƙar gado ta tsinke a tsakiya. Abin da ya rage masa shi ne danƙon harbin tsuntsu, da cinna wa ciyawa wuta da rani don korar gafiya, da kiɗan tauri da hotunan maharba da yake gani a wayar hannu. An ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma fa sai ɗan ya ga gudun da idonsa.

Daɗin daɗawa, dajin da za a koyi sana'ar a cikinsa ya canza. Dazuzzukan Chikun da Kajuru da Birnin Gwari, inda gandun Kamuku yake, sun sha fama da 'yan bindiga masu satar mutane, kuma harin da aka kai wa jirgin ƙasa na Abuja zuwa Kaduna a watan Maris na 2022 ya nuna girman matsalar. A irin wannan hali, saurayi yana iya fara riƙe bindigar toka a matsayin ɗan sintirin unguwa tun bai taɓa bin sawun zomo ba. Ya sami makami da kirari a rana ɗaya, ya tsallake shekarun rataya.

Doka da tsarin wasu ƙasashe

Dokar bindigogi ta Nijeriya ta 1959 ta sa sha'anin lasisin bindigar ɗuri a hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. Ta hana a ba wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai raunin gani, da wanda aka taɓa hukuntawa kan laifin ta da hankali a shekaru biyar da suka gabata. Dokar namun daji ta Jihar Arewa ta 1963 da dokar kare dabbobi masu ƙarewa ta 1985 sun fayyace abin da ba a yarda a kashe ba. Waɗannan dokoki sun kula da wanda zai riƙe bindiga da abin da za a harba, amma ba su ba ubangidan da ke koyarwa wani matsayi ba.

A wasu ƙasashe an bi ta wata hanya. Jihar New York ta Amurka ta wajabta darasin kiyaye haɗari ga masu neman lasisin farauta a 1949, sauran jihohi suka bi sahu. Da aka ga cewa zaman aji yana hana sababbi shigowa, sai jihohi da dama suka buɗe ƙofar koyo a hannun gwani kafin a kammala darasin. A tsarin da jihar Pennsylvania ta fara a 2006, yaro yana fita da babban mutum mai lasisi, bindiga ɗaya ce tsakaninsu, kuma babban ne ke ɗauke da ita in ana tafiya. A Faransa ma ana barin mai shekara 15 ya yi shekara guda yana farauta a gefen wanda ya haura shekara biyar da lasisi, bayan ɗan gajeren horo, da bindiga ɗaya tsakanin mutum biyu. Wanda ya san maharban ƙasar Hausa zai gane wannan tsari nan take, domin maratayi ne aka ba takarda. Bambancin shi ne a can bin gwani mataki ne da ke kaiwa ga darasi da jarrabawa, ba ya maye gurbinsu.

Raunin tsarin gargajiya

Adalci ya wajabta a faɗi cewa makarantar gargajiya tana da nata aibi. Ilminta a ɓoye yake, in ubangida ya mutu bai yarda da kowa ba sai ya tafi da shi. Tana cuɗa gwaninta ta haƙiƙa da dogaro ga asiri, har saurayi ya ɗauka cewa laya za ta hana bindigar da aka cika wa albarushi fashewa. Farautar taro ta yi ƙaurin suna wajen faɗa a kan ƙwacen nama, inda akan ji wa juna rauni. Ƙonen daji yana cinye ciyawar dabbobi da itatuwa. Haka kuma ba ta da ma'aunin da zai tsai da hannu in namun daji sun fara ƙarewa, shi ya sa sai a gandaye irin Yankari, wanda aka keɓe a 1956, ake ganin dabbobin da kirari ke ambata. Waɗannan su ne wuraren da darasin aji zai yi amfani, watau sanin doka, da lokacin haihuwar dabbobi, da taimakon farko ga wanda ya ji rauni.

Kammalawa

A ƙarshen watan Maris na 2025 an kashe matafiya 16 a garin Uromi na Jihar Edo, mafarauta ne 'yan Jihar Kano da ke komawa gida don bikin Salla. An ga bindigogin toka a motarsu, aka zarge su da satar mutane. Wannan ta'asa ba ta da wani uzuri, kuma alhakinta yana wuyan waɗanda suka aikata ta. Amma ta nuna cewa giwa a garin wani zomo ce: maharbin da kowa ya sani a ƙauyensu, a wani wuri mutum ne kawai da bindiga. Abin da ya raba maharbi da ɗan bindiga shi ne horo da ƙa'ida da ubangidan da zai tsaya masa, kuma wannan ne ɓangaren da adabi bai fito da shi fili ba.

Saboda haka akwai aiki a gaban masu nazarin harshe da al'ada. Tsofaffin maharba suna raguwa, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Ya kamata ɗalibin da ya je ɗaukar kirari ya ƙara da wasu tambayoyi: shekara nawa aka yi ana rataya, wane laifi ne ke sa a karɓe baka daga hannun yaro, wace dabba ce ba a harbi in tana da ciki, yaya ake jeruwa in an fita da bindiga. In aka tattara waɗannan amsoshi da Hausa, da harsunan Gbagyi da Bajju da Atyap, za a sami littafin da hukuma za ta iya dogara da shi wajen ba ɗan koyo da ubangidansa matsayi a doka. Saurayin Television kuma zai sami abin karantawa kafin hannunsa ya kai ga kunamar bindiga.