Mai Karanta Tabo a Jikin Sitika

Kowa ya san rasit ɗin POS: zafi ne ke rubuta shi, kuma kwana kaɗan a aljihu sai rubutun ya dushe. To, akwai wani bugun na zafi da masu yin allon talla ke ji da shi, don shi yakan shekara da shekaru cikin rana da ruwan sama launinsa na nan daram. Kamfanin Gerber na jihar Connecticut a Amurka ne ya kawo shi cikin sana'ar a 1993, da injinsa mai suna Edge. Ba tawada mai ruwa yake sha ba. Wata siririyar leda ce mai ɗauke da busasshen launi, wadda ake kira foyil. Kan injin na da ƙananan ɗigon wuta 300 a kowane inci, su ke narka launin ya manne a jikin sitika, launi ɗaya bayan ɗaya.

Gwaninta daga zaɓe take farawa. Foyil mai kaki ya fi araha, yana narkewa da wuri, amma ko farce na kankare shi. Aikin da zai zauna a jikin mota ko ƙofar shago sai mai rezin, wani nau'in ƙaro da ke kama sitika gam. Haka kuma gwani ba ya haɗa ja daga launuka huɗun da aka saba ɗab'i da su muddin akwai foyil ja tsantsa, domin tambari ya fito sumul ba ɗige-ɗige. Ruwan zinare da na azurfa da fari kuwa, kowanne da nasa naɗin.

Amma ranar da bugu ya ɓaci ake sanin waye gwani. Ɗan koyo zai yi wuf ya ce foyil ɗin jabu ne. Gwani kuwa sai ya ɗaga sitikar a haske, ya bi ta da ido kamar maharbi a kan sawu. Ƙananan huji a warwatse, ƙura ce ta shiga tsakani. Shatin yatsa, maiƙon hannu ne. Farin layi miƙaƙƙe da bai sauya wuri ba daga farko har ƙarshe, datti ne a kan injin. In an goge da sifirit bai tafi ba, ɗigo ne ya mutu. Layi karkatacce mai yawo, foyil ne ya yamutse, ko don zafi ya yi yawa ko don jansa bai daidaita ba. In launi ya ƙi kamawa, zafi ne bai kai ba, ko sitikar ce ba ta bugu ba.

Ba ya sauya abu biyu a lokaci guda, don kada ya kasa gane wanne ne ya yi magani. Yakan gwada a guntun sitika, ya manna salatif ya fizge, ya ga ko launi zai biyo. Kuma da goge kan injin da tsumma yake farawa, domin sabon kan inji ba ƙaramin kuɗi ba ne.