Ina masu zanen 'yan kokowarmu?

Da aka yi gasar Takobin Ƙasa a Diffa a ƙarshen 2022, wadda Issaka Issaka na Dosso ya lashe, hotunan 'yan kokowa sun cika gari: a jikin riguna, a bayan babur mai ƙafa uku, a manyan ledoji da aka buga da inji. Duk daga waya aka ciro su. Mai buroshi da gwangwanin fenti, wanda a da yake zana zaki da ɗan kokowa a bayan babbar mota ko a bangon shagon aski, an bar shi yana rubuta "A nan ana sayar da kati". Wannan sauyi bai yi mini ba.

Kyamara fuska take kamawa. Hannun mai zane kuwa zaɓe yake yi: ya kumbura damtse, ya fito da layu da kambun da ke ɗaure, ya tsayar da ƙurar da ke tashi daidai lokacin da gwiwa za ta taɓa ƙasa. Wannan ƙarin gishirin shi ne aikin, kamar kirarin da maroƙi ke yi.

Ernie Barnes ya gane haka. Baƙar fata ne daga Durham a Amurka, an haife shi a 1938, ya rasu a 2009. Sai da ya buga ƙwallon Amurka a ƙungiyoyin San Diego da Denver kafin ya koma zane gaba ɗaya, don haka ya san inda jiki ke murɗewa idan aka yi karo. Yakan miƙar da gaɓoɓi fiye da kima, ya rufe wa mutanensa ido. Yana cikin masu zanen da aka ba aikin wasannin Olamfik na 1984 a Los Angeles, kuma a 2022 an sayar da zanensa guda sama da dala miliyan 15.

Mu kam makaɗa muka bar wa adana mazaje. Da ba don Ɗan Anace ba, wa zai san ɗan dambe Shago yau? Amma Kantu na Maradi, wanda ya ɗauki takobin farko a Tahoua a 1975, a wane bango yaro zai gan shi?

Wani zai ce mutanen Geskeru ta yankin Diffa, da rikicin Boko Haram ya kora daga gonakin tattasai na bakin Komadugu, ba zane ne damuwarsu ba. Gaskiya ne. Sai dai yaransu na kokowa a kan rairayi har gobe, kuma ledar inji ba ta jure ranar Diffa: ɗan lokaci kaɗan ta koɗe ta yage.

Hukumar kokowa da masu unguwanni, ku ware bango guda a filin kokowar Diffa, ku kira masu fentin gari, ku biya su kuɗin aikinsu.