Jinjina ga Samanja Mazan Fama

Kafin finafinan Kannywood su cika kasuwa, Usman Baba Pategi, wato Samanja, ne ke tara unguwa guda gaban talabijin ɗaya. Banufe ne daga Pategi, kuma ya yi soja da gaske kafin ya sa kakin wasa, shi ya sa bariki ya zauna masa daram a rediyo da talabijin na Kaduna. Ka gan shi ya ɗaure fuska, ya daka wa kurtu tsawa da Hausar bariki gauraye da Turancin buroka, ƙaramin laifi ya zama shari'a. Mutanen da ke kauce wa soja a hanya sai ga su suna dariya har da hawaye, sojojin ma ba a bar su a baya ba. Ya rasu a 2023. Allah ya jiƙansa.