Ɗan Yamusa a alƙalamin Muffett

Duk ɗan Keffi ya san tudun nan da ake kira da sunan Moloney. Ni kam sai da na karanta Concerning Brave Captains na D.J.M. Muffett, wanda ya fito a Landan a 1964, sannan ranar 3 ga Oktoba 1902 ta zame mini kamar jiya.

Muffett jami'in mulkin mallaka ne da ya yi aiki a Arewa, amma bai haɗiye rahoton Gwamna Lugga yadda ya same shi ba, kuma abin da ya fi burge ni ke nan. Ya saurari tsofaffi, ya gwada bakinsu da takardun ofis. Sai ga ƙofar fada ta fito sarai: Kyaftin Moloney, mai lalurar ƙafa, yana jira, Magaji Ɗan Yamusa, wakilin Zazzau, ya ƙi fitowa, tafinta Audu Timtim kuma yana kai gwauro yana kai mari da maganar da ba ita aka ba shi ba. Wutar da harshensa ya hura ta ci shi tare da ubangidansa Moloney, aka kashe su duka biyu. Na karanta wurin nan ya fi a ƙirga, har yanzu gabana yakan faɗi.

Daga nan labari ya yi sauri. Magaji ya nufi Kano, Sarki Alu ya karɓe shi da girma, Lugga ya sami hujjar da yake nema ta yaƙar Kano. Kano ta faɗi a Fabrairun 1903, Sakkwato a Maris, a Yuli kuma Magaji ya rasu a Burmi tare da Sarkin Musulmi Attahiru.

Nakan tuna da kisan Lord Moyne a Alƙahira a 1944, wanda samarin Lehi, ƙungiyar ɓoye ta Yahudawa, suka kitsa a asirce. Na Keffi ba haka yake ba: mai sarauta ne ya fusata da rana tsaka, a gaban jama'a.

Inda na ɗan yi ƙorafi shi ne idon marubucin ya fi sauka kan jarumai, farare da baƙaƙe. Mutanen duwatsun da harin bayi ya addaba, da talakan Keffi da ya wayi gari cikin fushin sojoji, muryarsu ta yi ƙasa. Wani lokacin ma yakan daɗe kan wasiƙun Lugga har in ƙosa ya koma ƙofar fada, wurin Audu Timtim.