Doctor Who: Shirin da Ƙarancin Kuɗi Ya Gina, Ya Kuma Goge

Ranar Asabar 23 ga Nuwamba 1963 gidan talabijin na BBC ya nuna kashi na farko na Doctor Who, kwana ɗaya da harbe shugaban Amurka John F. Kennedy. Hankalin jama'a yana can kan labarin kisan, sai da aka maimaita kashin a makon da ya biyo baya. Labarin wani dattijo ne da ake kira Doctor, wanda ba ɗan duniyarmu ba, yana yawo tsakanin zamani da zamani, duniya da duniya, a cikin wata na'ura mai suna TARDIS. Shirin ya yi zango 26 a jere kafin a dakatar da shi a 1989, aka kuma farfaɗo da shi a 2005.

Masoyansa sun fi son a yi ta maganar zurfin tunanin marubutansa. Ni kuwa abin da na gani a tarihin haɗa shi daban ne: kusan duk abin da ya sa shirin ya yi fice, rashi ne ya haife shi.

Tun daga mutanen da aka damƙa wa aikin za ka gane ba a ɗauke shi da wani muhimmanci ba. Sydney Newman, ɗan Kanada da ke shugabancin sashen wasan kwaikwayo, shi ne ya tsaya kai da fata a kan shirin, amma ya miƙa shi ga Verity Lambert, 'yar shekara 27, wadda ita kaɗai ce mace furodusa a sashen, da Waris Hussein, darakta haifaffen Lucknow ta Indiya, ɗan shekara 24. Aka tura su wani tsohon ɗakin ɗaukar shiri a Lime Grove da ke Landan, matsattse, ga zafi, ga tsofaffin kyamarori masu nauyi. Kuɗin kowane kashi bai wuce fam dubu biyu da 'yan kai ba.

A tsarin farko, TARDIS za ta riƙa sauya siffa duk inda ta sauka domin ta saje da wurin. Ina kuɗin ƙera sabuwar siffa a kowane labari? Sai aka ce ai na'urar ta samu matsala, ta maƙale a siffar shuɗiyar rumfar wayar 'yan sanda irin wadda ke gefen titunan Landan a lokacin. Yau an daina amfani da waɗannan rumfuna, wanda duk ya ga hotonsu shirin ne yake faɗo masa a rai. Ƙarar tashinta kuwa, Brian Hodgson ne ya samo ta ta hanyar goga mabuɗin ƙofa a jikin wayoyin wata tsohuwar fiyano. Kiɗan buɗe shiri Ron Grainer ya rubuta, amma Delia Derbyshire ce ta haɗa shi da hannu: ta naɗi sauti a zaren kaset, ta ƙara masa gudu ko ta rage don samun kowace murya, ta yanka da reza, ta liƙa gutsure bayan gutsure har kiɗa ya tashi. An shekara da shekaru sunanta bai fito a jerin ma'aikatan shirin ba.

Newman ya so shirin ya zama makaranta ga yara, shi ya sa abokan tafiyar Doctor na farko suka haɗa da malamin kimiyya da malamar tarihi. Ya kuma gargaɗi Lambert cewa ba ya son dodanni. Labari na biyu, a Disamba 1963, sai ga dodannin Dalek. Terry Nation ya rubuta su, Raymond Cusick ya zana siffarsu, kuma a cikin kowane Dalek mutum ne zaune a kan 'yar kujera, yana tura gangar da ƙafafunsa a kan ƙananan tayoyi, hannun dodon kuwa robar zuƙe bututun wanke-wanke ce aka ɗaura a sanda. Da wannan tarkace aka razana yaran Ingila, masu kallo suka tashi daga miliyan huɗu da wani abu na daren farko zuwa wajen miliyan goma. Newman ya haƙura.

Yanayin ɗaukar ma abin dubawa ne. Faifan bidiyo na wancan zamani yana da tsada, kuma gyara shi sai an yanka shi a zahiri, wanda aka yanka kuwa darajarsa ta faɗi. Saboda haka a kan yi kwanaki ana gwaji, sannan a ɗauki kashi mai minti 25 a maraice guda, kusan tamkar ana watsa shi kai tsaye. In William Hartnell, wanda ya fara fitowa a Doctor, ya yi tuntuɓen harshe, haka za a bar shi ya tafi gidajen mutane. Zangon farko kaɗai kashi 42 aka yi, mako bayan mako. Wannan ɗawainiya, haɗe da ciwon jijiyoyin jini, ta ci ƙarfin Hartnell, har ya zamana a 1966 ba zai iya ci gaba ba. Maimakon a rufe shiri, sai aka ce ai Doctor ba ɗan Adam ba ne, in jikinsa ya tsufa yana iya sabunta shi. A ƙarshen labarin The Tenth Planet ya faɗi ƙasa, fuskarsa ta rikiɗe ta koma ta Patrick Troughton. Dabarar da aka yi don fita kunya ita ce ta ba shirin damar canza jarumi duk lokacin da aka so, kuma ba don ita ba da tuni an manta da shi.

Sai dai tsimin da ya gina shirin shi ne kuma ya yi masa ɓarna. Tunda faifai yana da tsada, kuma yarjejeniya da ƙungiyar 'yan wasa ta taƙaita maimaita shiri, BBC ta riƙa goge faifan tana naɗar wani abu a kai. Daga baya, da talabijin mai launi ta zo, aka ga kamar ba mai sake sayen baƙi da fari, sai aka shiga lalata kwafen fim ɗin da ake sayar wa ƙasashen waje. Ba a daina ba sai 1978. Labarin Marco Polo, kashi bakwai, wanda Hussein ya ba da umarnin mafi yawansa, babu ko ɗaya da ya rage. Kashin da Hartnell ya rikiɗe ma ya ɓata, 'yar guntuwar rikiɗar ce ta tsira saboda an taɓa nuna ta a shirin yara na Blue Peter. Ba na ganin mugunta a nan. Ma'aikatan sun ɗauki shirin talabijin kamar tuwon dare, a ci a wanke kwano, ba wanda ya kawo a ransa cewa wani zai nemi na jiya. Waɗanda suka fi su hangen nesa su ne yaran da suke kara rikoda a bakin talabijin a gida. Ta dalilinsu ne sautin kowane ɓataccen kashi yake nan har yau.

A nan ne labarin ya biyo ta ƙofarmu. Kwafen da aka sayar wa ƙetare sukan zaga daga wannan tasha zuwa waccan, ƙasa zuwa ƙasa, da sharaɗin tasha ta ƙarshe ta mayar ko ta lalata. Ba kowa ya cika sharaɗin ba, kuma gara da ba su cika ba. An samo The Tomb of the Cybermen a Hong Kong a farkon shekarun 1990. A Oktoba 2013 kuma BBC ta sanar cewa wani mai farautar tsofaffin finafinai, Philip Morris, ya ci karo da gwangwanayen fim a kan kanta a ɗakin ajiyar wata tashar talabijin a Jos, da sunan shirin rubuce a jikin wata 'yar takardar liƙi. A ciki akwai kashi tara da aka fid da rai da su, biyar na The Enemy of the World, huɗu na The Web of Fear, duka na zamanin Troughton. Wannan ya rage yawan ɓatattun zuwa 97 a lokacin, cikin 253 na shekaru shidan farko.

Abin da ya tsaya mini shi ne, ɗakin ajiya a Jos ya riƙe wa Turawa kayansu shekaru da dama ba tare da kowa ya sani ba, kuma sai da wani ya taso daga Ingila ya buɗe. Mu ma muna da namu na wancan zamani: Samanja Mazan Fama na Usman Baba Pategi a Kaduna, da Karkuzu a Jos ɗin kanta. Ma'aikatan tsofaffin tashoshinmu, musamman masu riƙe da mabuɗin sito, don Allah a buɗe a duba abin da ke kan kanta, a rubuta sunan kowane faifai, a juye shi a kwamfuta tun kafin zafi da ƙura su gama da shi.